Yadda baƙo daga Ailan ya zama wakilin sarkin Sifaniya a Peru

A watan Yulin 1796 wani dattijo jajawur mai kimanin shekara 75 ya shiga birnin Lima a matsayin wakilin sarkin Sifaniya. Muƙamin nan babu na sama da shi a duk yankin sai na sarkin kansa. Wakilin sarki shi ne shugaban mulki, shi ne babban kwamandan soja, shi ne mai sa ido kan baitulmali, kuma idan ya yanke hukunci sai an yi watanni kafin kukan wanda bai gamsu ba ya isa Madrid. Dattijon, mai suna Ambrosio O'Higgins, ko digon jinin Sifaniya babu a jikinsa. A ƙauyen Ballynary da ke gundumar Sligo ta ƙasar Ailan aka haife shi wajajen 1720, kuma manyan Lima a bayan idonsa suna ce masa ɗan Ingila, alhali mulkin Ingila ne ya hana irinsa sakat a ƙasarsu har suka watsu a duniya. Mutanen garin ma suna ba da labarin cewa shekaru da dama kafin nan ya taɓa kasa kayan koli a kusa da babban cocin birnin.

An fi son a ba da tarihinsa a matsayin na ɗan talaka da ya dage har ya kai. Dagewa kam akwai ta. Amma dagewa kaɗai ba ta kai bare kan irin wannan kujera a daular da ta ɗauki asali da nasaba da matuƙar muhimmanci. A ganina abin da ya ɗaga shi sama shi ne zuwansa ya zo daidai da lokacin da fadar Madrid ke neman mutane irinsa ruwa a jallo, wato waɗanda ba su da dangi, ba su da suruki, ba su da gona a inda za a tura su. Wannan rashin saiwa da ya zame masa tsani, shi ne kuma ya lalata masa gida, daga ƙarshe ya taɓa kujerar ita kanta.

Ailan ta wancan lokaci tana ƙarƙashin dokokin da suka takura mabiya ɗarikar Katolika. Ba su zama a majalisa, ba su riƙe muƙamin gwamnati, ba su zama hafsoshin soja, sayen ƙasa ma an ƙuntata musu. Iyalin O'Higgins sun koma noman haya a gundumar Meath. Saurayi mai buri a irin wannan hali sai ya duba ƙasashen Katolika na Turai, kuma Sifaniya ta fi kowa buɗe musu ƙofa, domin sarakunanta sun ba 'yan Ailan Katolika damar zama da aiki kamar 'yan ƙasa. Ricardo Wall, ɗan asalin Ailan, shi ne babban ministan Sifaniya daga 1754 zuwa 1763. Alejandro O'Reilly ya zama janar, har ya yi gwamnan Luwiziyana. Saboda haka da Ambrosio ya sauka birnin Kadis na Sifaniya a 1751 ya shiga aiki a gidan kasuwancin wasu 'yan ƙasarsu, hanyar da wasu suka riga suka share ya bi. Kadis kuwa tun 1717 ita ce tashar da doka ta ce cinikin nahiyar Amurka ya bi ta cikinta.

A 1756 ya tsallaka zuwa Amurka ta Kudu da kayan fatauci. Kasuwa ba ta karɓe shi ba. Ya koma Sifaniya yana da shekara 40 babu abin a zo a gani, sai ya nemi aikin gwamnati, aka ɗauke shi mai zanen taswira a ƙarƙashin wani injiniyan soja ɗan Ailan, John Garland, wanda aka tura ya gyara ganuwar Valdivia a kudancin Chile. A nan ne rayuwarsa ta biyu ta fara, a shekarun da wasu ke tunanin ajiye aiki.

Sai an fahimci halin da daular take ciki kafin sauran labarin ya yi ma'ana. A 1762 Birtaniya ta kama Havana, mabuɗin tekun Karibiyan, ta kuma kama Manila. Sarki Carlos na uku, wanda ya hau a 1759, ya gane cewa yankunan da ake tutiya da su ba sa kawo kuɗin da ya kamata, ba kuma sa iya kare kansu. Da aka bincika dalili sai aka ga 'ya'yan Turawan da aka haifa a can, waɗanda ake kira Kiriyolo, sun yi kane-kane a ko'ina. Sun sayi kujerun alƙalanci lokacin da fada ke sayar da muƙamai, sun aurar da 'ya'yansu mata ga jami'an da aka turo daga Turai, har ya zama mai karɓar haraji da mai biyansa surukai ne. Umarni ya zo daga Madrid, a karɓe shi da girmamawa, a ce an yi biyayya amma ba za a aiwatar ba sai an sake tuntuɓar sarki, shi ke nan magana ta bi ruwa. Gyaran da aka ɗauko, musamman a hannun José de Gálvez da ya riƙe ma'aikatar yankunan daga 1776 zuwa 1787, shi ne a daina sayar da kujeru, a cika su da mutanen waje masu albashi, yawanci sojoji, a kuma ƙirƙiro sabbin jami'an larduna da ke amsa wa fada. Dabarar dai ta mai shago ce da ke ɗauko yaro daga wani gari don kada 'yan uwa su cinye jarin da bashi. A irin wannan tsari, mutumin da ba shi da kowa sai sarki ya fi ɗan babban gida daraja.

Abin da ya fara jawo hankali ga O'Higgins ƙarami ne a ido. A 1763 ya ƙetare tsaunukan Andes daga Mendoza zuwa Santiago a tsakiyar hunturu, wanda a can yake faɗowa daga Yuni zuwa Agusta, da ƙyar ya sha. Mashigin Uspallata yana kan tudun da ya kai kusan mita 3,800, kuma idan ƙanƙara ta rufe shi sai wasiƙun da suka taso daga Sifaniya ta Buenos Aires su maƙale a Mendoza wata da watanni, Chile ta zauna cikin duhu. O'Higgins ya ba da shawarar a gina ƙananan ɗakunan fakewa a jere a kan hanyar, aka amince, aka fara a tsakiyar shekarun 1760. Ɗakunan na ƙonannen tubali ne, an ɗaga daɓensu sama da ƙasa da matakala a waje domin ƙanƙara kan taru ta binne ƙofa, ana ajiye abinci da gawayi a ciki, kowane ɗan aike yana da mabuɗinsa. Mutum ya fito daga wannan ɗaki, ya yi ta maza har ya kai na gaba kafin guguwa ta cim masa. Masanin nan Charles Darwin ya ga guda takwas da ya bi hanyar a 1835, wasu kuma suna tsaye har yau. Da wannan aka samu wasiƙa tana tafiya rani da hunturu, kuma sunan mai shawarar ya shiga takardun da ake karantawa a Madrid.

Amma inda ya yi suna na gaske shi ne bakin iyakar kudu. Tun 1598, lokacin da mayaƙan ƙabilar Mapuche suka kashe gwamna Martín García Óñez de Loyola a Curalaba suka kuma rushe garuruwan Sifaniya da ke kudu, kogin Biobío ya zama iyaka. Daular da ta murƙushe manyan daulolin Aztek na Meziko da Inka na Peru cikin 'yan shekaru ta kasa waɗannan mutane, dalili kuwa ba su da sarki guda da za a kama a ce an gama, kuma sun koyi hawan doki har sun fi masu kawo shi. Daga 1641 sai aka koma zaman sulhu lokaci zuwa lokaci. A 1770, ana tsakiyar wani tashin hankali, aka ba O'Higgins muƙamin kyaftin na dakarun dawaki yana da shekara 50. Ya yi yaƙi, ya samu rauni, ya yi ta hawa har ya zama kwamandan iyakar baki ɗaya, sannan a 1786 ya zama shugaban lardin Concepción na farko a sabon tsarin.

Darasin da ya ɗauka a shekarun nan shi ne zaman sulhu ya fi yaƙi araha. Taron sulhun kansa abin kallo ne. A share fili a kafa rumfuna, shugabannin Mapuche su zo da ɗaruruwan mahaya, a tattara sandunan girmansu a ɗaure su wuri guda da ta gwamna a tsakiya, alamar an zama ɗaya. Sannan a shiga jawabai, kowane shugaba ya yi nasa da harshensa, tafinta yana juyawa, ba a katse kowa ko da zai kai yamma. Baitulmalin sarki ne ke yanka shanu, ya kawo giya, ya raba huluna da sanduna masu kan azurfa da baba da taba. Jami'an Sifaniya sukan rubuta wa Madrid cewa mutanen sun yi mubaya'a, su kuwa Mapuche a wurinsu baƙo ne ya zo ya biya kuɗin zaman lafiya ya kuma amince ƙasar tasu ce. Kowa ya tashi da fassararsa, iyaka ta lafa. Taron Negrete na watan Maris 1793, wanda O'Higgins ya jagoranta yana gwamna, na cikin mafi girma. Kada dai a ɗauka tausayi ne ya sa. Lissafinsa shi ne ciniki ya yi abin da bindiga ta kasa, a saba musu da kayan Turawa har su kasa rabuwa da su, a kuma tabbatar jiragen Ingila ba su sami abokan ƙawance a wannan gaɓar ba.

A wannan zama na bakin iyaka ne abin da zai bi shi har kabari ya faru. A 1777 ya sauka a Chillán a gidan wani mai faɗa a ji, Simón Riquelme. 'Yar gidan, Isabel, ba ta kai shekara 20 ba, shi kuma yana dab da 60. A ranar 20 ga Agusta 1778 ta haifi ɗa namiji, Bernardo. Dokar daular ta hana manyan jami'ai auren 'yan yankin da suke mulka sai da izinin sarki, hafsan soja ma sai da izini, domin ainihin surukutar da ake son kashewa ke nan. Masu kare shi sukan tsaya a nan su ce doka ce ta ɗaure masa hannu. Ni ban gamsu ba, domin akwai jami'an da suka nemi izinin suka samu. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne ya san jarinsa kaf shi ne zamansa mutumin da ba shi da alaƙa da kowa, kuma bai yarda ya taɓa wannan jari ba. Bai aure ta ba, bai kuma taɓa yin aure ba har ya mutu.

Yaron kuwa aka yi ta yawo da shi. Aka raba shi da uwarsa yana ƙarami aka kai shi Talca gidan wani ɗan kasuwa abokin uban. Takardar baftismarsa ta ambaci sunan uban, ta ɓoye na uwar don kare mutuncin gidansu. Ya yi karatu a makarantar limaman Faransiskan ta Chillán tare da 'ya'yan shugabannin Mapuche, daga nan Lima, daga nan Kadis, daga nan Ingila. Sunansa a duk tsawon wannan lokaci Bernardo Riquelme. Uban yana biyan kuɗin makaranta ta hannun wakilai, amma wasiƙun da yaron ke aiko masa ba ya amsawa. Daga baya abokan gabar Bernardo a siyasa ba su da zagin da ya fi musu daɗi kamar su ce masa shege.

A 1788 Ambrosio ya zama gwamnan Chile gaba ɗaya. Shekara takwas ɗin nan su ne mafi albarka a aikinsa. Yana hawa ya ɗauki hanyar arewa da kansa har Copiapó, tafiyar da gwamnoni suka daɗe ba su yi ba, yana duba ma'adinai da gonaki. Ya kafa garuruwa, ciki har da Vallenar wadda sunanta ya samo asali daga ƙauyensu na Ailan, da Los Andes da Linares da Parral. Ya sa aka fara sabuwar katangar tare ambaliyar kogin Mapocho, wanda ya yi wa Santiago ɓarna a 1783, a hannun magini ɗan Italiya Joaquín Toesca, mutumin da ke gina gidan buga kuɗi na La Moneda, fadar shugaban Chile ta yau. Ya kuma fasa hanyar amalanke daga Santiago zuwa tashar Valparaíso ta kan tuddai, da kuɗin harajin da aka ɗora wa kayan da ke bin ta, domin alkamar da Chile ke sayar wa Peru ta isa jirgi cikin sauƙi. Ƙoƙarinsa na shigo da noman rake da auduga kuwa bai je ko'ina ba.

Abin da aka fi yaba masa shi ne soke tsarin da ake kira encomienda. Tun farkon mamaya sarki kan damƙa wa wani Bature rukunin 'yan asalin ƙasa, su biya shi haraji ko su yi masa aiki, shi kuma wai ya kare su ya koya musu addini. A aikace aikin tilas ne a gona da ramin ma'adini. Taɓa shi yana da haɗari, domin wakilin sarki na farko a Peru, Blasco Núñez Vela, ƙoƙarin rage shi ne ya sa masu cin moriyarsa suka yi tawaye suka fille masa kai a 1546. O'Higgins ya ga halin da mutanen ke ciki a rangadinsa na arewa, ya ba da umarnin hana aikin tilas a 1789, sarki ya tabbatar da sokewar a 1791. Mataki ne mai kyau, amma a auna shi da ma'auninsa. Lokacin da ya yi hakan tsarin ya riga ya tsufa, mutanen da suka rage a cikinsa ba su da yawa, kuma masu manyan gandaye sun riga sun koma dogaro da talakawan da ke zaune a ƙasarsu suna biyan haya da ƙarfinsu, tsarin da ya kai har ƙarni na 20. Bayin da aka kwaso daga Afirka kuwa dokar ba ta shafe su ba. Ana sauke su a Buenos Aires, a koro su ta wannan mashigin na Andes zuwa Valparaíso, a loda su zuwa Lima. Sai a 1823 Chile ta haramta bauta.

Aikinsa na ƙarshe a Chile shi ne sake gina Osorno, garin da ya zama kufai tun 1604. Bayan wani farmakin soja mai tsanani a 1792 shugabannin Huilliche, wani reshen Mapuche na kudu, suka sallama wurin a taron Las Canoas na 1793, shi kuma ya je da kansa aka buɗe garin a farkon 1796. Sarki ya ba shi sarautar Markis na Osorno, bayan ta Baron na Ballenary da ya samu a shekarar da ta gabata, ya kuma ɗaga shi zuwa Lima.

Kujerar da ya tarar ta riga ta rage ƙiba. Tun 1776 aka yanke Potosí mai dutsen azurfa aka haɗa ta da sabon yankin Buenos Aires, dokar sakin ciniki ta 1778 ta karya babakeren 'yan kasuwar Lima, tawayen 'yan asalin ƙasa da Túpac Amaru na biyu ya jagoranta a 1780 ya bar tsoro a zukata. Watanni kaɗan da isowarsa Sifaniya ta ƙulla ƙawance da Faransa ta shiga yaƙi da Birtaniya. Shekarunsa a Lima sun tafi ne wajen ƙarfafa tashar Callao da tsaron gaɓar teku, sai sabuwar hanyar da ya gina tsakanin Lima da Callao. Ga tsufa, ga masu jiran ya yi tuntuɓe, ga shi ana yaƙi da ƙasar da suke cewa tasa ce.

Tuntuɓen daga Landan ya zo. A can Bernardo, saurayi marar kuɗi marar uba a kusa, ya faɗa hannun Francisco de Miranda, ɗan Venezuela da ke ƙulla yadda za a raba Amurka ta Kudu da Sifaniya. Wani ɗan Kyuba daga cikin mutanen Miranda, Pedro José Caro, ya juya baya ya kai wa hukumomin Sifaniya bayanan ƙulle-ƙullen. A 1800 aka fitar da umarnin sauke O'Higgins, aka naɗa Gabriel de Avilés. Masana tarihi da yawa suna danganta saukewar da sunan ɗan nasa da ya fito a cikin bayanan, ko da yake shekarunsa kaɗai sun isa hujja. Shi dai dattijon a kan ɗan ya ɗora laifin, domin ya aika wa wakilinsa a Kadis, Nicolás de la Cruz, cewa ya kori yaron daga gidansa. Ya rasu a Lima a watan Maris 1801 kafin magajinsa ya iso. Da aka buɗe wasiyya sai ga shi ya bar wa Bernardo gandun Las Canteras a kudancin Chile da shanu 3,000.

Wannan gandu ne ya mai da Bernardo mai ƙasa, mai ma'aikatan da zai iya ɗora wa makami, mai kujera a cikin manya. Ya dawo gida a 1802 ya ɗauki sunan O'Higgins. Wanda ya koya masa dabarun yaƙi shi ne Juan Mackenna, wani ɗan Ailan da uban ya naɗa ya kula da Osorno. A 1817 Bernardo ya ƙetaro Andes tare da janar ɗin Ajantina José de San Martín, suka ci yaƙin Chacabuco, ya zama shugaban Chile, ya soke sarautun gargajiyar Turai irin waɗanda ubansa ya kwashe rayuwa yana nema, aka kuma ayyana 'yancin kai a watan Fabrairun 1818. Manyan Santiago ba su taɓa karɓarsa da zuciya ɗaya ba, suka tilasta masa sauka a 1823, ya mutu a gudun hijira a Peru a 1842.

Mapuche kuwa da yawansu bayan sarkin Sifaniya suka bi a yaƙin neman 'yancin, domin da shi suke da yarjejeniya. Sabuwar jamhuriyar ta sabunta alkawarin iyakar Biobío a Tapihue a 1825, sannan daga 1861 zuwa 1883 sojojinta suka tsallaka kogin suka mamaye ƙasar, aka tattara mutanenta a ƙananan filaye, aka raba sauran ga baƙi daga Turai da masu kuɗin Chile. Rikicin wannan ƙasa yana nan a kudancin Chile har yanzu, kuma masu fafutikar Mapuche suna kafa hujja da takardun waɗancan tarukan sulhu, har da na Negrete.